Bawan Allah da Ruwa Ya Tono

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Wanda Ya halicce mu daga ƙasa, Ya kuma sanya ƙasar ta zama suturarmu a ranar da ba za mu iya suturta kanmu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa. Allah Ya kiyaye harshena daga ƙari, domin raina ya ɓaci a ranar da zan ba da labarinta, mai ɓacin rai kuwa ba ya rasa ƙari.

A tsakiyar birninmu akwai wani tsohon lambu mai faɗi. A cikinsa ƙubbobin sarakunan da suka shuɗe tun ƙarnoni suke tsaye, wasu da sunan mai su a jikin dutse, wasu kuwa zamani ya goge sunan, sai tantabaru ke kwana a kansu. Hukuma ta shuka ciyawa a tsakaninsu, ta shimfiɗa hanyoyi, har wurin ya zama na masu gudun safe da masu ɗaukar hoto. Likita ne ya ɗora mini tafiyar safe saboda hawan jini. Da na ga babu makawa, sai na zaɓi wannan lambu, domin in haɗa umarnin likita da ziyarar matattu. Surukina, ƙanin uwargidana, shi ke raka ni. Tsohon direban bas ne, abokan aikinsa suna kiransa Birki, kuma tun da na auri yayarsa ban taɓa jin bakinsa ya huta ba.

A ranar an kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da muka zagayo bayan ƙaramar ƙubba, inda wani tudu ke gangarowa zuwa hanyar masu tafiya, sai muka tarar gefen tudun ya zabtare, laka ta malale hanya. Birki ne ya fara tsayawa.

"Yaya Malam, tukunya ce waccan ko idona ne?"

Na matsa, na duba. Ƙoƙon kan mutum ne, da kafaɗa, da wani sashe na haƙarƙari, sauran jikin yana cikin tudu. Yana kwance a kan damansa, fuskarsa tana duban alƙibla. Wanda ya kwantar da shi ya san abin da yake yi. Na yi salati, na yi masa sallamar da ake yi wa mazauna kabari, sannan na cire farin mayafin da ke kafaɗata na rufe shi, na danne gefunan da laka don kada iska ta ɗaga.

Hukuncin al'amarin a fili yake, ba ya buƙatar dogon nazari. Wannan bawan Allah an riga an yi masa wanka, an yi masa salla, waɗanda suka yi masa su ma sun daɗe da zama ƙasa. Abin da ya rage a wuyanmu abu ɗaya ne, mu mayar masa da ƙasarsa. Malamanmu sun karantar da mu cewa alfarmar mamaci daidai take da ta mai rai, ba a barinsa a tone mutane suna kallo. A zatona aikin shebur biyu ne, mu gama kafin rana ta yi zafi.

Na aiki Birki ya kira shugaban masu kula da lambun, wani mutum mai ladabi da ake kira Ganye. Ya zo da gudu, ya ɗaga gefen mayafin, ya sake shi da sauri, ya ja da baya yana goge hannu a wando.

"Ɗana," na ce masa, "ka ba mu shebur da baro, mu rufa wa wannan bawan Allah asiri."

"Baba, wallahi da ciyawa ce da tuni na gama. Ni ciyawa da furanni da shara ne nawa. In dutse ne, na ofishin kayan tarihi ne. In kuwa mutum ne, na 'yan sanda ne."

"To ai mutum ne."

"Shi ya sa ba nawa ba ne, Baba."

"Sheburin fa, na wane ne?"

"Nawa ne, amma ba zai taɓa abin da ba nawa ba."

Ya ciro waya ya kira 'yan sanda. Kafin su iso, masu gudun safe sun fara taruwa. Farin mayafi a kan laka ya fi kiran gangami jan mutane. Wani ya tambaya ko kisa aka yi, wata ta ce ita dama tun jiya ta ji jikinta bai ba ta wurin ba. Wani matashi sanye da gajeren wando ya durƙusa, ya miƙa wayarsa ƙarƙashin mayafin. Na sa sandata na tare hannunsa.

"Samari, in kakanka ne a kwance haka, za ka so a leƙa shi?"

"Baba, ai tarihi ne."

"Kai ma za ka zama tarihi. Tashi."

Sai ga wani da kare a igiya, karen yana ja yana shinshina. A nan ne na ɗaga murya fiye da yadda ya dace da shekaruna, Allah Ya yafe mini. Birki ya dafa ni.

"A hankali, mijin Yaya. In jininka ya hau ka faɗi nan, Ganye zai ce kai ma ba nasa ba ne."

Sajan ya iso da hantsi, babban mutum mai furfura a gefen kai. Ya gaishe ni da girmamawa, ya kori mutane baya, ya duba abin da ke ƙarƙashin mayafin, sannan ya juyo gare mu da fuskar aiki.

"Wa ya fara ganin gawar?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Birki.

"Ka san shi?"

"Ajinmu ɗaya a firamare, amma ya rame ƙwarai."

"Birki!" na daka masa tsawa. "A gaban mamaci kake!"

Sajan ya danne dariya, ya gyara hula. Ya ce shi a ganinsa wannan gawa ta girmi ofishinsu, babu mai ƙara, babu wanda ake zargi, saboda haka ba tasu ba ce. Na ce alhamdu lillahi, to sai mu rufe. Ya ɗaga hannu.

"A'a, Allah gafarta Malam. Na ce ba tamu ba ce, ban ce taku ce ba. Babu mai taɓawa sai masu kayan tarihi sun zo. Ni aikina yanzu in tabbatar ba a taɓa ba."

"Wato ba ka da ikon rufe shi, amma kana da ikon hana a rufe shi."

"Ka fahimce ni sarai, Malam."

Aka kira ofishin kayan tarihi. Aka ce jami'ar da ke kula da lambun tana can wani gefen birni inda ruwa ya rushe tsohuwar katanga, za ta zo in ta gama. Muka zauna jira. Ganye ya kawo mini kujerar roba, na ajiye ta tsakanin mamacin da hanya, na zauna ina tasbihi, amma zuciyata ba ta tare da harshena.

Ana cikin haka sai wani mai zagayawa da baƙi ya iso da ayarinsa, yana ɗaga wata 'yar tuta don kada su ɓace masa. Ya tambayi mutum ɗaya abin da ya faru, kuma kafin mutumin ya rufe baki ya riga ya juya ga baƙinsa yana ba su labari. Wai wannan wazirin sarkin da ke cikin ƙaramar ƙubba ne, wai ya ci amanar ubangidansa, aka shayar da shi guba, aka jefar da shi a bayan gini don wulaƙanci. Baƙi suna gyaɗa kai suna ɗaga wayoyi.

Na miƙe. "Malam mai tuta, a ina ka samo wannan?"

"Baba, haka ake faɗa."

"Wa ke faɗa? Yau da safe ruwa ya tono shi, babu wanda ya san da shi jiya. Mutum yana kwance shekaru ɗaruruwa babu mai ambatonsa da sharri, ka zo cikin ƙiftawar ido ka ɗora masa cin amana. Ranar da za ku tsaya gaban Allah ya ce ka kawo shaida, tutar nan za ka ɗaga masa?"

Ya yi murmushin yaƙe, ya ce wa baƙinsa su wuce gaba akwai wata ƙubba mai ado. Ina jin sa yana gaya musu a hankali cewa tsohon nan daga zuriyar wazirin yake, shi ya sa abin ya yi masa zafi.

Azahar ta yi, jami'a ba ta zo ba. Uwargida ta kira wayar Birki, domin ta san ni ba zan ɗauka ba. Ina jin muryarta daga inda nake zaune, tana cewa ban sha magani ba, ban karya ba, kuma wane irin ƙani ne zai bar tsoho a rana. Birki ya ce mata, "Yaya, mijinki ya yi sabon aboki, ya fi ni shiru, shi ya sa ya fi son zama da shi." Na karɓi wayar na ce mata ta yi haƙuri, amana ce ta faɗo a kanmu. Ta ce Allah Ya ba da lada, amma in nemi inuwa.

Na bar Birki ya yi gadi, na yi alwala a famfon masu lambu, na nisanta daga kaburburan na yi salla. Da na dawo sai na hango shi tsaye a gaban mayafin, ya riƙe sandata, ya ɗaga haɓa, mutane suna ɗaukarsa hoto ɗaya bayan ɗaya.

"Me nake gani haka?"

"Yaya Malam, hoton suke so ko ta halin ƙaƙa. Na ce to su ɗauke ni. Duba ka gani, duk na tare shi da jikina, ko gefen mayafi bai fito ba."

Na buɗe baki zan yi faɗa, na rasa ta inda zan kama shi, na karɓi sandata na zauna.

Sai da hadari ya fara haɗuwa a gabas sannan jami'ar ta iso, mace matashiya, takalmanta na roba duk laka, gajiya a fuskarta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta sa Sajan ya ƙara matsar da mutane, sannan ta nemi izinina kafin ta ɗaga mayafin. Wannan ya sanyaya mini rai. Ta daɗe tana dubawa ba ta taɓa komai ba.

"Baba, tsohon kabari ne ƙwarai, wataƙila sa'an ƙubbar ne. A ƙa'idarmu, sai mu kwashe shi a kwali mu kai ɗakin ajiya, a yi bincike."

"In an gama binciken fa, 'yata?"

Ta sunkuyar da kai. "Akwai waɗanda ke kan kantar ɗakin ajiyar tun kafin a ɗauke ni aiki."

"Mutum a kan kanta, kamar kayan shago? Wannan bawan Allah iyalinsa sun haƙa masa makwanci, sun juya fuskarsa inda ya kamata, sun tafi da yaƙinin sun sauke nauyi. Ke kuma ki ɗauke shi ki ajiye a kwali, fuskarsa tana duban duk inda mai share ɗaki ya ga dama?"

"Bari dai in ga ko ma namu ne," in ji ta.

Ta bayyana mana cewa kowace ƙubba tana da iyaka, an kafa turakun ƙarfe a kewayenta, abin da ke ciki na ofishinsu ne, abin da ke waje na masu lambu. Ta nemo turke ɗaya a cikin ciyawa, ta nemo na biyu, ta ɗaure igiya a tsakaninsu, ta ja ta miƙe. Igiyar ta ratsa daidai ta kan ƙirjin mamacin.

Ta dubi igiyar, ta dube ni.

"Baba, kai da kafaɗar da suka fito suna waje da iyakata, ba ni da ikon ɗaukarsu. Sauran jikin yana ciki, kuma doka ta hana kowa haƙa a ciki, har ni, sai an yi zama a ofis."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yanzu mutum ɗaya kuka raba wa ofis biyu? Kansa na Ganye, ƙafafunsa naki?"

"Ni fa Baba na faɗa tun da safe," in ji Ganye, "ciyawa ce tawa."

Iska ta taso, ta kaɗa gefen mayafin. Na dubi sama, na dubi magudanar ruwan da ke gefen hanya, wadda ba ta fi tsawon sandata daga kan mamacin ba. Idan ruwa irin na jiya ya sake sauka, kafin magariba kan nan yana cikin kwata, yana tafiya tare da ledoji da kwalaben birni. Na gaya musu haka. Sajan ya dubi ƙasa. Jami'a ta ce za ta kira shugabanta, ta kira, wayar ba ta shiga ba. Ganye ya ce gyaran tudu aikinsa ne, gaskiya, amma sai an aiko masa da motar ƙasa, motar kuwa sai mako mai zuwa.

Birki ne ya yi gyaran murya. Na juya zan ce masa ba lokacin wasa ba ne, sai na ga fuskarsa babu wasa.

"Ganye, lakar nan da ta malale hanya, ta wace ce?"

"Tawa ce. Share hanya aikina ne."

"In ka share, ina kake zubawa?"

"Inda na ga ya dace."

"To ga rami nan kusa da kai. Ba haƙa za a yi ba, ba ɗauka za a yi ba. Shara za ka yi, ka mayar da ƙasa inda ta fito."

Ganye ya sosa ƙeya, ya dubi jami'a. Ta ce ita dokarta ta hana tonowa, ba ta hana rufewa ba. Ya dubi Sajan. Sajan ya ce shi an ce ya hana taɓawa har masu tarihi su zo, ga su kuwa sun zo. Na ce a raina, ashe tun safe abin da muke nema ke nan, mutum uku su yarda cewa babu ruwansu a lokaci ɗaya.

Aka kawo baro da shebur. Ma'aikatan Ganye suka ce su za su tara laka, amma ba za su matsa kusa da kan ba. Na naɗe hannun riga na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, Birki ya durƙusa kusa da ni. Sajan ya cire hula ya ajiye a kan kujera, ya karɓi baro. Na ɗauki wani faffaɗan dutse zan kare fuskar mamacin da shi kafin mu zuba ƙasa, sai jami'a ta ce, "Baba, ajiye. Daga jikin ƙubba ya faɗo, kowane dutse a nan kayan tarihi ne." Na ajiye shi ina istigfari. Ganye ya kawo guntun katako daga rumfarsa, muka kafa.

Sannan ta ce ba za a zuba ko baro ɗaya ba sai ta duba lakar da hannunta, ko akwai fasassun tukwane ko tsoffin kuɗi.

"'Yata, ki dubi sama!"

"Na gani, Baba. Aikina ne."

Ta durƙusa a kan hanya tana murza laka a tafin hannu, dunƙule bayan dunƙule, tsawa tana ta matsowa, ni kuwa ina ji kamar in fizge baron. Na fara shirya mata magana mai zafi a bakina, sai ta miƙo mini hannu. Wasu 'yan ƙananan abubuwa ne masu launin ƙasa, waɗanda da ni ne da na ɗauke su tsakuwa.

"Ƙasusuwan yatsunsa ne. Ruwa ya kai su har tsakiyar hanya."

Na haɗiye maganar da na shirya. Na karɓe su da hannu biyu, na ajiye su a gefensa inda hannunsa ya kamata ya kasance. Ta ci gaba da dubawa, ta ƙara samo wasu, har da haƙori ɗaya a bakin magudana. Ba mu sake ce mata ta yi sauri ba.

Muka zuba ƙasa a hankali, da hannu tukuna har ya ɓace wa ido, sannan da shebur. Birki bai ce uffan ba har aka gama. Ganye ya yanko ciyawa mai saiwa daga bayan rumfarsa, ya shimfiɗa a kan sabuwar ƙasar, ya kafa mata tsinkayen itace don kada ruwa ya sake kwashewa, ya daddanna da bayan shebur. Yayyafi ya fara sauka, taron masu kallo ya watse kowa yana neman mafaka.

Na tsaya a gefen kabarin, na ɗaga hannu zan yi addu'a. Ban kai ga ambaton sunan Allah ba sai na ji an taɓa gwiwar hannuna.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Ganye a hankali. "Ka ɗan sauko kan hanya. Sabuwar ciyawa ce, an hana takawa."

Na sauke hannuna. Sannan na sauko kan hanya, ruwa yana zuba a kaina, na ɗaga hannu daga nan, sauran suka jeru a bayana suna cewa amin.

Ya Allah, Kai Ka san sunan wannan bawa naKa da sunan mahaifinsa, mu ba mu sani ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka bar shi a cikin suturarsa har ranar da za Ka tashe shi. Ka jiƙan sarakunan da ke ƙarƙashin ƙubbobin nan, da talakawan da ke kwance a tsakaninsu babu alama, da waɗanda ke jira a kan kanta, Ka hore musu mai mayar da su ƙasa. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Wanda kuma ya karanta wannan, Ka rufa masa asiri yana raye, Ka ba shi masu rufa masa bayan ya mutu. Amin.